Kunun 'Yan Dashe

Duk wanda ya taɓa yin dashen shinkafa a gonar Alhaji Muttaka da ke fadamar Auyo, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa da wurin, kunu zai ce maka. Kunun tsamiya ne kawai, irin wanda kowace mace ta iya damawa, amma na gonar Alhaji daban yake. Mutum zai duƙa cikin ruwa da taɓo tun da sanyin safiya yana soka iri, bayansa ya riƙe, gwiwoyinsa su yi tsami, sai ya fito gefen gona ya sha kofi biyu. Kafin ya gama hira ciwon ya sake shi, ya koma ruwa kamar yanzu ya zo. 'Yan ƙwadago daga Kafin Hausa da Kaugama har rige-rigen zuwa gonar suke yi, wasunsu na cewa albarkar hannun mai damawa ce.

Mai damawar kuwa ita ce Ummussalma, ƙanwar Alhaji Muttaka uwa ɗaya uba ɗaya, matar Shu'ibu mai kula masa da gonar. Yabon nan yana yi mata daɗi, kuma ba ta cikin masu ɓoye jin daɗi. In mata suka tambaye ta sirrin, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce hannu ne, hannu kuwa ba a koyar da shi. Gaskiyar magana akwai sirri, amma ba a hannu yake ba, yana cikin wani tsohon gwangwanin madara a bayan buhun gero.

Shekara uku ke nan da Alhaji ya shigo gidan da farin gari a leda, ya kira ta gefe.

"Ummu, wannan gulukos ne da bitamin, haɗin ƙarfin jiki. Cokali uku za ki riƙa zubawa a kowace roba in kunun ya ɗan huce. Kada ki gaya wa kowa, har mijinki. In maƙwabtan gona suka ji, gobe kowa ya kwaikwaya, su janye mana ma'aikata."

Ta lasa, ta ji ɗaci-ɗaci a bayan zaƙin. Ta ce, "Yaya, bitamin ɗin nan da ɗaci yake."

"Tsamiya da sukari za su rufe shi."

Iyakar tambayar da ta yi ke nan. Wanda zai ga sakacinta, to bai san matsayin Muttaka a wurinta ba. Tana 'yar shekara tara mahaifinsu ya rasu, Muttaka ya bar makaranta ya shiga kamun kifi da noma ya riƙe gidan. Shi ya yi mata kayan ɗaki, shi ya ɗaura mata aure da abokinsa Shu'ibu da ta nuna shi take so. In Yaya ya ce abu fari ne, Ummussalma ba ta ɗaukarsa ta kai rana ta duba.

Shu'ibu dogo ne siriri, mai ƙarancin magana da yawan taurin kai. Shi ne farkon shiga ruwa, shi ne ƙarshen fita, don ba ya son a ce surukin mai gona ya tsaya a inuwa yana nuna wa mutane aiki da baki. Abu ɗaya yake alfahari da shi a duniya: tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa haɗiyar ƙwayar magani ba. Zazzaɓi ya kama shi, sai dai ya tafasa ganyen darbejiya ya yi surace. Yakan yi wa samari dariya in ya gan su suna watsa maganin ciwon jiki a baki kafin aiki, ya ce ga shi nan ya haura arba'in, kunu kaɗai ya ishe shi. Ummussalma kuwa, da yake mijinta ne, nasa daban take cire masa. A gona ya sha, a gida ya sha, rani da damina, ko ana dashe ko ba a yi. Tana ganin in akwai wanda ya cancanci ƙarfin jiki, ai shi ne.

Bayan dashen ranin bana abin ya fara. Da farko idanun Shu'ibu ne ke kumbura da safe, su saɓe da hantsi. Sai fuska ta ciko. A majalisa aka fara yi masa tsiya, wai Shu'ibu ya samu wuri, surukuta da mai kuɗi ta fara nunawa a kumatu. Shi ma ya yi dariya. Dariyar ta tsaya ranar da takalminsa ya ƙi shiga, Ummussalma ta danna masa ƙauri da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Da ma ta kwana biyu tana ganin wani abu a makewayi da ta rasa yadda za ta faɗa: duk inda ya yi fitsari kumfa ce ke taruwa, fara fat, kamar an zubar da ruwan sabulu, kuma ba ta bajewa da wuri.

A wannan yanki ba a wasa da kumburi. Da wuya ka sami unguwa daga Auyo har Haɗeja da ba a yi zaman makokin wanda ciwon ƙoda ya ɗauka ba. Alhaji Muttaka da kansa ya kawo mota ya kwashe su zuwa asibiti a Haɗeja, ya bi layi, ya kai jini da fitsari wurin gwaji, ya shiga da su har gaban likita.

Likitar mace ce, Dakta Zainaba Umara, 'yar ƙarama mai saurin magana, Hausarta da ɗan gargadar mutanen gabas. Ta duba takardun, ta danna ƙafar Shu'ibu, sannan ta juya wurin Ummussalma, don ta lura ita ce mai sauraro da gaske.

"Hajiya, kina tace gasara?"

"Kullum ta Allah."

"To ƙoda ma tata take yi. A cikinta akwai 'yan mitsi-mitsin matatai, ba sa ƙirguwa. Kowace matata jijiyar jini ce siririya, sai wasu ƙwayoyin halitta suka rungume ta ta waje. Ƙwayoyin nan suna da 'yan ƙafafu, na wannan sun shiga tsakanin na wancan." Ta sarƙe yatsun hannayenta biyu ta nuna. "Ta 'yar kafar da ke tsakani ruwa da datti suke fita su zama fitsari, amfanin jini kuma ya tsaya a jiki. In wani abu ya ji wa ƙafafun nan ciwo, sai su baje, saƙar ta lalace. Sinadarin da ke gina jiki ya riƙa zuba cikin fitsari, shi ne kumfar da kike gani. Kuma shi ne ke riƙe ruwa a cikin jini, da ya yi ƙaranci sai ruwan ya fita ya taru a ƙafa da fuska."

Ummussalma ta ce, "Ana ɗinke shi, likita?"

"In muka gano abin da ke ji musu ciwo muka tsayar da wuri, sau da yawa ƙafafun kan miƙe su koma yadda suke. Amma in aka ci gaba, ƙwayoyin sukan ɓalle su bi fitsari, kuma wadda ta ɓalle ba ta sake tsirowa. Wurin sai dai ya yi tabo. Shi ya sa zan yi tambaya, a gaya mini gaskiya. Ba shi da ciwon suga, gwajin sauran cututtukan da nake zargi bai nuna komai ba. Malam, kana shan maganin ciwon jiki? Irin wanda manoma ke saya a kemis?"

Shu'ibu ya ce a'a.

"Ko sau ɗaya a mako? Ko haɗin da ake ƙullawa a leda?"

"Likita, wallahi tallahi ƙwaya ba ta taɓa wuce maƙogwarona ba."

"Ba laifi ba ne in kana sha. Kusan duk mai aikin fadama yana sha. Maganin nan in aka daɗe ana yi, ga rana ga gumi, yana iya yin wannan ɓarnar."

Nan ran Ummussalma ya ɓaci. Ta ce ita ke ba shi ci da sha shekara ashirin da biyu, in mutum ya rantse ai sai a yarda da shi. Likitar ba ta ji haushi ba, ta ɗaga kai ta dubi Alhaji Muttaka da ke tsaye a bakin ƙofa yana juya makullin mota a yatsa.

"Alhaji, kai da kake tare da shi a gona. Akwai wani abu da ake ba ma'aikata?"

Alhaji ya ce, "Babu, likita. Ni shaida ne."

Aka rubuta magunguna, aka hana shi gishiri, aka ce su dawo bayan mako biyu. Shu'ibu ya kalli ƙwayoyin da aka ba shi kamar an ba shi tsakuwa, amma tsoro ya fi taurin kai ƙarfi, ya sha. A hanyar komawa, suna wuce gadar kogi, Alhaji ya yi gyaran murya ba tare da ya waiwayo ba.

"Ummu, ki daina ba shi kunun gona. Tsami ba ya yi wa mai kumburi kyau."

Ta ce to, kuma ta bi umarnin yadda ta fahimce shi. Daga ranar ta daina sa tsamiya, ta koma dama masa farin kunu. Garin gwangwani kuwa ba ta ga dalilin dainawa ba. Likita da bakinta ta ce amfanin jikinsa ke zuba, to wa ya fi mai ciwo bukatar bitamin? Sai ma ta ƙara masa rabin cokali, ta ƙara sukari don ɗacin. In ya sha, tsamin jikin ya sake shi, ya samu barci, ya farka yana sa mata albarka. Yakan ce duk magungunan likita ba su kai kofinta ɗaya ba, ita kuma ta ji kanta ya yi girma.

Mako bakwai aka yi a haka. Kumburin bai saɓe ba, ya hau ciki. Fitsarin ya ragu. Duk zuwan da suka yi sai Dakta Zainaba ta daɗe tana kallon takardar gwaji, ta ce abin yana ba ta mamaki, ya kamata a ce maganin ya fara aiki. Ta tura su Kano aka tsakuro ɗan naman ƙodar da allura don a duba, aka ce sakamako zai biyo baya. Duk wannan zirga-zirga a motar Alhaji aka yi ta, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce Ummussalma ta yi dacen ɗan'uwa.

Ana nan gwangwani ya ƙare. Ta kira Alhaji a waya.

"Yaya, garin nan ya ƙare."

"Wane gari?"

"Na kunu mana."

"Ba dashe ya wuce ba? Me za ki yi da shi?"

"Malam nake sa wa. Shi kaɗai ke sa shi barci."

Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Ai ban taɓa dainawa ba. Tsamiyar dai na cire kamar yadda ka ce."

Sai ya ce babu garin a kasuwa yanzu, an daina kawowa, ta haƙura da shi. Ya kashe wayar ko sallama babu.

Kwana huɗu Shu'ibu ya yi ba garin, jikinsa ko'ina ciwo, yana juyi a kan tabarma. Ummussalma ta kasa jurewa. Ta tuna ledar ƙarshe da aka kawo a naɗe take cikin takarda mai hatimin wani kantin magani na cikin kasuwar Haɗeja, kuma ba ta yar da takardar ba. Ranar komawa asibiti Alhaji ya sauke su da safe, ya ce zai je ya dawo kafin layi ya zo kansu. Ta zaunar da Shu'ibu a benci, ta ce za ta sayo masa ayaba, ta tari mai adaidaita ta nuna masa takardar.

Mai kantin, Abdulmannan, mutum ne mai fara'a da surutu, irin waɗanda ba sa iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Da ta ce haɗin gonar Alhaji Muttaka take so, ya washe baki.

"Ikon Allah! Har an fara shirin dashen damina? Zauna, Hajiya, yanzun nan."

"An ce mini babu shi a kasuwa."

"Wa ya faɗa? Ai ba zuwa yake yi ba, ni nake haɗawa."

Ya jawo kwali biyu daga ƙarƙashin teburin kantin, ya zaro katin magani, ya shiga ɓalle ƙwayoyi da babban yatsa suna faɗawa cikin 'yar na'urar niƙa, irin wadda ake niƙa kayan yaji. Ummussalma ta tsaya tana kallo. Kati ɗaya, biyu, biyar, ya ajiye wannan kwali ya koma ɗayan.

Ta ce, "Wannan fa mene ne?"

"Maganin ciwon jiki, iri biyu. Wannan mai ƙarfi ne, wannan kuma yana daɗewa a jiki. Sai in zuba gulukos a kai ya danne ɗacin."

"Bitamin ɗin fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wane bitamin, Hajiya? Bitamin ne zai tsayar da mutum cikin ruwa daga asuba zuwa la'asar? Ni ma na ce wa Alhaji ya raba musu a hannu, kowa ya san abin da ya sha. Ya ce a'a, a niƙa, don akwai masu taurin kai da ba sa shan ƙwaya. Ya ce shugabansu ma shi ne mai kula masa da gonar, in ya ga ƙwaya zai hana sauran."

Ummussalma ta dafa teburin kantin. Rabin cokalin nan da ta ƙara da hannunta shi ya fara faɗo mata, sai albarkar da Shu'ibu ke sa mata in ya farka. Ta miƙa hannu ta ɗauki katin da aka gama ɓallewa guda biyu, ta ce ya dakata da niƙan, ta fita. Yana kiran ta ba ta waiwayo ba.

A harabar asibiti ta tarar da motar Alhaji a ƙarƙashin bishiya, shi kuma yana jingine da ita yana waya. Da ya ga abin da ke hannunta, ya sauke wayar a hankali.

Ta ce, "Yaya, ka san wannan?"

Ya dubi hagu da dama. "Rage murya."

"Sau uku matar nan ta yi tambaya. Ta juyo ta tambaye ka da sunanka. Kana tsaye, ka ce kai shaida ne."

"Ai na ce miki ki daina ba shi."

"Tsami ka ce mini! Tsamiya na cire, Yaya. Mako bakwai ina ɗura masa da hannuna, har ƙari na yi. Da na kira ka na gaya maka, me ka ce? Ka ce babu a kasuwa."

"To ba ga shi ya daina sha ba? Magana ta ƙare. Ummu, ki yi hankali ki saurare ni. Abin nan ba ni na fara ba. Wasu masu gonar abin da suke ba yara ya fi wannan muni, ni na ciwon jiki kawai na bayar, wanda kowa ke saya da kuɗinsa. Mutum ashirin suka sha, shi kaɗai ya kumbura. Ciwo na Allah ne."

"Kai ka taɓa sha?"

Ya kawar da kai. Ita ma ba ta bukatar amsar, don a take ta tuna shekara uku kullum da filas ɗin shayinsa yake zuwa gona, yana cewa tsamiya na tayar masa da gyambon ciki.

Ya sassauta murya, irin muryar da yake lallashinta da ita tun tana yarinya. "Ki rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, wa zai sake shiga gonata? Gonar nan ita ke ciyar da gidana da naki. Zan tsaya masa har ya warke, ko ina ne zan kai shi."

"Likita ta ce sai ta san dalili."

Sai fuskarsa ta sauya. Ummussalma ba ta taɓa ganin wannan fuskar a wurin Yayanta ba, ta mutumin kasuwa ce da aka taɓa masa kaya.

"To je ki faɗa. Amma kafin ki buɗe baki ki tuna hannun wa ke zubawa. Ni ban taɓa shiga madafarki ba, ban taɓa riƙe ludayi ba. Duk Auyo an san mai kunu."

Wannan magana ta fi duk abin da ta gani a kantin magani yi mata ciwo. Da ya ce ya ji tsoro ne, da ya ce ya yi kuskure, wataƙila da ta nema masa uzuri, don ta saba nema masa. Amma ashe tun ranar da ya miƙa mata ledar ya san in abu ya ɓaci akwai wadda za a nuna. Ta dube shi, mutumin da ya goya ta ya tsallaka da ita kogi ranar jana'izar mahaifinsu, ta rasa abin da za ta kira shi da shi. Ta juya ta shiga ciki.

Layi ya zo kansu. Ta taimaka wa Shu'ibu ya zauna a gaban likita, sannan ta ajiye katunan biyu a kan tebur. Ta faɗi komai a tsaye, tun daga ledar farko har rabin cokali, ba ta rage nata ba, ba ta rage na Yayanta ba. Ba ta kalli mijinta ba ko sau ɗaya, bango take kallo.

Dakta Zainaba ta juya katunan ta karanta, ta ajiye, ta dafe goshi.

"Yaushe rabonsa da shi?"

"Kwana huɗu."

"Alhamdu lillahi da ya ƙare. Kada ya sake kusantarsa har abada. Da a ce ranar farko..."

Ummussalma ta ce, "Ƙarasa, likita. Ina so in ji."

"Ba zan rantse miki cewa maganin nan kaɗai ne sila ba, Allah ne masani. Amma da ranar farko aka gaya mini, ina da kyakkyawan zaton da yanzu ya koma gona. Sakamakon Kano ya zo. Da yawa daga matatan sun riga sun yi tabo, waɗannan sun tafi. Akwai saura, su za mu yi ta lallaɓawa. Ko za su riƙe shi, ko wata rana sai an kai ga wankin ƙoda, ban sani ba tukuna. Aikin ruwa da rana dai ba zai sake yi ba." Ta jawo takarda. "Sauran da suka sha kunun nan, ina son sunayensu. A gwada fitsarinsu tun kafin su kumbura."

Shu'ibu ne ya ba da sunayen, ɗaya bayan ɗaya, da garin kowa, muryarsa ba ta rawa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ɗakin. Da suka fito babu motar Alhaji a ƙarƙashin bishiya, sai suka hau ta haya. A hanya Ummussalma ta yi ta jiran ya yi faɗa, ko ya yi Allah ya isa, ko ya tambaye ta yadda aka yi ta ɓoye masa abu shekara uku. Sai da suka kusa gida ya ce, yana kallon taga, "Ba laifinki ba ne. Yayanki ne ya ce miki bitamin ne." Ta so ta ji sanyi, amma yadda ya faɗa kamar karatu yake maimaitawa.

Cikin mako guda aka kira 'yan dashe gwaji, aka sami biyu da kumfa a fitsari. Cikin makon nan kuma wata magana ta fito daga gidan Alhaji ta zaga gari: wai Ummussalma ce ke sayo magani tana zuba wa mutane a kunu don a riƙa yabon hannunta, Alhaji bai sani ba sai da asiri ya tonu, har an gan ta da idanu a kantin maganin. Matan da suka sha tambayarta sirri suka tuna yadda take gyara ɗankwali ta ce hannu ne. Masu zuwa dubiya suka ragu, waɗanda suka zo kuma in ta kawo ruwa sai su ce alhamdu lillahi, yanzu suka sha. Duk wannan ta shanye shi. Ta ce a ranta gari ya faɗi abin da ya ga dama, tunda wanda abin ya shafa ya san gaskiya.

Ranar Juma'a da la'asar ta dama masa farin kunu, ba gishiri ba kanwa, yadda likita ta ce. Ta fifita ya huce, ta kawo masa inda yake kishingiɗe a inuwar zaure, ƙafafunsa a kan matashi. Ta durƙusa ta miƙa. Ya karɓa ya kai baki, sai hannunsa ya tsaya. Ya leƙa cikin kofin.

"Me aka sa a ciki?"

A hankali ya yi tambayar, ba da faɗa ba. Maganar na fita ya sunkuyar da kai, da gani shi ma bai so ta fito ba.

Ummussalma ta ce, "Gero ne, Malam. Da ruwa, da sukari kaɗan."

Ya ce to. Amma kofin yana nan a hannunsa, bai matsa ba.

Ta miƙa hannu ta karɓa. Ta ɗaga kofin a hankali, tana ba shi lokaci ya ce haba Ummu, ya riƙe mata hannu, ya ce wasa yake yi. Ta kai baki ta kurɓa sau biyu, ta haɗiye. Yana kallonta har ta gama, bai hana ta ba. Sannan ya karɓa ya sha.